Yadda Aka Yaye Hancina

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuke ƙare wa fuskata kallo in kun zaci barci nake yi, wannan babi na hancina ne. Na san ranar da na ce zan rubuta tarihin rayuwata Kabiru ya yi dariya, ya ce mutumin da ya gudu daga aji huɗu me zai rubuta. To ni ban gudu ba, sallamar kaina na yi, don na lura duk abin da malamin ya sani game da shanu na fi shi sani. Na tsallake babin aikin Hajjina da na shekarar da ruwa ya ci gonarmu ta Dagumawa na zo nan da gaggawa, saboda saura kwana huɗu suna a gidan Kabiru, kuma akwai maganar da ya kamata ku ji kafin aska ta hau kan jaririn nan. Jiya na ce a kai wa Ila ɗan marigayi Tanko wanzami goron askin suna, sai Kabiru ya ɓata rai.

"Baba, gidan da suka so raba ka da hanci? Wallahi ba za su taɓa kan ɗana ba."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, bakin ya ƙi, kamar yadda ya saba ƙi shekara tara ke nan. Tunda baki ya gaza, bari biro ya gwada.

Kun san sana'ata. Shekara arba'in ina dillancin shanu a karar Wudil, kuma ban taɓa sayar wa mutum sa ba sai na buɗe bakinsa na ƙirga haƙora, don mai dabba yana iya rage mata shekaru amma haƙori ba ya rage ko ɗaya. Wata Juma'a, saura kamar mako biyar Babbar Sallah, aka kawo wani farin bijimi daga wajen Darki. Na tambayi mai shi ko yana da faɗa, ya ce ko akuya ta fi shi. Na kama leɓen bijimin na sunkuya ina leƙe, kamar yadda na yi wa dubunsa. Ban san abin da na faɗa da ya ɓata masa rai ba. Kansa kawai ya kaɗa sau ɗaya. Da na farfaɗo na ga mutane sun kewaye ni suna salati, wani yana danna min rawaninsa a fuska, wani kuma yana tona ƙasa da sanda yana cewa a nan ya ga ya faɗi. Sai daga baya na gane abin da ake nema a cikin kashin shanu, ƙarshen hancina ne. Ba a same shi ba har yau. Shi kuwa bijimin, an ce min an sayar da shi a ranar da daraja, kuma wani dillalin ne ya ci la'adar.

A asibitin garinmu aka tsayar da jinin, aka wanke, aka tura mu babban asibiti a Kano. Ba zan ɓoye muku ba, a makonnin da aka jira ciwon ya lafa na daina zolaya. Mahaifiyarku Hajiya Rabi ta kwashe madubin gidan nan kaf ta kai maƙwabta, amma ta manta randa. Na leƙa zan ɗebi ruwan alwala, sai na ga wani mutum mai ramuka biyu a tsakiyar fuska yana kallona. Daga ranar har aka yi aiki ko soro ban ƙara zama ba.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, ba za ta girmi 'yar'uwarku Binta ba. Da ta shigo na ɗauka an aiko ta ne ta ce likita yana tafe. Ta duba ciwon, ta jujjuya kaina kamar mai zaɓen kankana, sannan ta zaro biro ta fara zane a goshina.

Na ce, "'Yata, ciwon yana ƙasa."

"Na gani, Baba. Maganin ne yake sama. Mece ce sana'arka?"

"Dillalin shanu."

"To za ka fi kowa ganewa. Zan yanko fata daga goshinka, tun daga gindin gashi, in juyo da ita ƙasa in ɗinka maka hanci. Guringuntsi kuma in ɗan ɗebo daga kunnenka, don hancin ya sami abin tsayuwa. Amma ba zan cire fatar gaba ɗaya ba. Zan bar ta a haɗe a nan, kusa da gira, don ta nan jini zai riƙa zuwa mata. Ka ɗauka hancin ɗan maraƙi ne, goshin kuma uwarsa. Mako uku zai yi yana shan nono. Bayan nan ya kama jini a sabon wurinsa, sai ka dawo in yaye shi."

"In aka yaye shi kafin nan fa?"

"Kai za ka faɗa min, Baba. Maraƙin kwana goma, a raba shi da uwa."

Na ce, "Mutuwa zai yi."

"To ka ji. Kuma goshi ɗaya gare ka."

Na tambaye ta ko ba za a iya ɗebowa daga cinya ba, inda wando zai rufe. Ta ce fatar goshi ita ce maƙwabciyar hanci, launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kuma jijiyar da ke ciyar da ita tana nan kusa. Na kalli Hajiya. Ta ce, "Alhaji, sa hannu. Goshin nan dama faɗinsa ya yi maka yawa."

Aka yi aikin saura kwana goma sha biyu Sallah. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ya yi wa hannunta albarka, ita da duk waɗanda suka tsaya a kaina ranar. Amma ku da kuka gan ni a makonnin nan kun san ba kyau aka dawo da shi gida ba. Wata tsoka ce naɗe da bandeji ta taso daga girata ta sauka kan hanci, da 'yar tazara a ƙarƙashinta, kamar hannun buta. In ƙuda ya sauka min a hanci sai in ji shi a goshi, in kai wa goshin duka, ƙudan yana zaune yana kallona. Sujada kuwa an hana ni, sai dai in yi sallah a zaune ina nuni da kai. Hajiya ta zama soja. Ita ke wanke wurin safe da yamma yadda aka koya mata, ita ke jera min matasai uku, ta ƙwace tabar da nake ɗan taunawa a ɓoye, wadda na yi shekaru ina zaton ba ta san da ita ba. Masu dubiya a soro take tare su ta ce na gode.

Nan ne shaiɗan ya sami wurin zama. Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa rasa sallar Idi ba, kuma a lissafin likita sai bayan Sallah da kwana tara za a raba ni da hannun butar nan. Kullum ina shafa hancin in ji shi da ɗumi, ɗinkin ya kame, ba ruwa ba wari. Sai na fara yi wa kaina fatawa. Na ce ai mako ukun nan na mutanen birni ne masu shan shayi da burodi, ni da na tashi da fura da nono jinina ya fi nasu gudu. Na ce maraƙi ma akwai mai saurin kama ciyawa. Na ce yankan da za a yi ɗan kaɗan ne, ita da kanta ta ce ba zai ɗauki lokaci ba, to me ya sa sai an je Kano, alhali ga Tanko a bayan layinmu? Tanko da ya yi wa Kabiru da Sani kaciya, ya yi wa dukanku askin suna, ya yi min ƙaho ba adadi? Tare muka yi wasan ƙasa da shi. Askarsa ba ta taɓa kuskure a gidan nan ba.

Ran jajiberin Sallah da hantsi na ce wa Hajiya ba zan shiga Sallah da suma ba ko da a ɗaki zan yi ta, a kira min Tanko ya yi min aski. Ta yarda, da sharaɗin kada ya matso kusa da goshi. Na zauna a soro a kan tabarma, ya zo da zabirarsa, muka gaisa, ya yi min jaje, ya kalli fuskata bai ko ƙifta ido ba. Ya jiƙa kan ya fara daga ƙeya. Na bari sai da ya zo wajen kunne.

Na ce, "Tanko, in ka gama akwai ɗan ƙaramin aiki."

"Gemu?"

"Wannan abin. Likita ta ce in ya kwana goma ana iya cirewa a gida. Ka san su, ba sa son a cika musu asibiti."

Ku karanta wannan layin sau biyu. Ni na faɗa, da bakina, kuma ƙarya ce.

Tanko ya zagayo gabana ya tsuguna, askar tana buɗe a hannunsa na dama don bai gama askin ba. Ya sa yatsu biyu na hagu ya ɗan riƙe tsokar ta wajen gira, a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ya rufe ido. Na ƙosa.

"Yanka mana, kafin Hajiya ta fito."

"Alhaji, abin nan bugawa yake yi."

"To sai me?"

"Ranar da babana ya fara ba ni aska, abu ɗaya ya sa na rantse a kai. Ya ce duk abin da na ji yana bugawa a ƙarƙashin yatsana, in mayar da aska kube. Wannan ba tsokar banza ba ce, hanya ce. Wanda ya bar ta a nan ya san abin da ya sa ya bari."

"Na ce maka likita ce ta ce."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Sale, tun muna yara in za ka yi ƙarya kunnenka ke motsi. Yanzu ma da aka rage shi bai daina ba. Ko sa za ka ba ni ba zan yanka ba."

Daidai nan Hajiya ta ɗago labule da kwanon kunu ta kawo wa baƙo. Ku tsaya a inda ta tsaya ku ga abin da ta gani: mijinta a zaune, wanzami a tsugune, hannu ɗaya riƙe da abin da ta yi kwana goma sha ɗaya tana tsaro, ɗaya hannun da aska tsirara. Kwanon ya faɗi. Ihun da ta yi, an ce har masu kifi a bakin gada sun ji.

"Tanko! Kashe min shi za ka yi? Jama'a ku zo, zai yanke masa hanci!"

Sauran kun fi ni sani, don kuna ciki. Kabiru, kai ka fara shigowa, ka fizgi zabirar ka yi jifa da ita waje, asake da ƙahoni suka watse a kwata. Sani ya riƙe wa Tanko riga. Mutumin da ya girmi ubanku da shekara biyu. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Ina jin mai unguwa yana tambaya, "Wanzam, kai da hankalinka? Wa ya sa ka?" Tanko ya waiwayo ya kalle ni. Ba kallon roƙo ba ne, jira kawai yake yi. Ni kuma, Alhaji Sale, wanda ake ji daga wannan ƙarshen kara zuwa wancan, na dafe bandeji na sunkuyar da kai kamar mai jin jiri. Da ya ga haka sai ya durƙusa ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da gefen rigarsa, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya tafi. Na yi Sallar a ɗaki, da rabin kai a aske.

Na gaya wa kaina gobe zan gyara maganar. Gobe ta zo, labari ya riga ya kai Darki ya dawo da ƙafafu. Wai ya ce aikin asibiti na banza ne. Wai ya fara yankan, Hajiya ta riƙe askar da hannunta. Wanda duk ya sami shigowa dubiya sai ya ce, "Alhaji, Allah ya tsare ka da jahilcin mutumin nan," ni kuma in ce likita ta hana ni yawan magana. Kullum gyaran yana ƙara nauyi. A unguwar nan aka daina kiran Tanko suna, aka daina kai masa yara kaciya. Mutum mai shekara sittin da wani abu ya koma rataya zabira yana bin ƙauyuka a ƙasa, har Dagumawa, yana neman kan da zai aske.

Da mako uku suka cika muka koma Kano. Aikin da na so in yi wa gaggawa bai kai tsawon cinikin akuya ba. Likita ta raba, ta gyara gefen girar, ta ɗinke, ta miƙo min madubi. Na ga hanci. Ba irin wanda na zo duniya da shi ba ne, ya ɗan fi shi ƙiba, kuma rabin tabon sallata na shekara arba'in ya sauko ya zauna a kan karansa, har yanzu masu gani suna cewa Alhaji ibada ta yi yawa. Amma hanci ne, yana shaƙar iska, yana jin ƙanshin miya. Na yi kuka a gaban yarinyar nan, ban ji kunya ba. Da Hajiya ta fita karɓo magani, sai na kwashe labarin Tanko na gaya mata, don na san ba ta san kowa a Wudil ba. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, da ya yanka, kafin kwana uku hancin nan zai yi sanyi ya bushe, sai dai mu cire. Mako uku na ce maka, da Hausa."

"Da Hausa kika faɗa."

"Wanzaminka ya fi ka hankali. Ka ce ina gaishe shi, abokin aikina ne."

Na karɓi saƙon na zuba a aljihu. Abin da ya fitar da shi, gashi ne. Fatar da aka ɗebo ta taɓo gindin suma, don haka bayan 'yan watanni sai ga gashi huɗu sun tsiro a ƙarshen hancina, baƙaƙe, miƙaƙƙu, alhali na kaina duk ya yi fari. Na sa reza da kaina. Wurin a lokacin ba ya jin zafi, ban san na yanke ba sai da na ga jini a riga. Hajiya ta ce ita ba za ta taɓa ba. Masu aski na zamani kuma in sun ga hancin sai su ajiye reza su ba ni haƙuri. Wata Alhamis na sa hula na zagaya bayan layi. Na same shi a gindin darbejiyarsa yana wasa aska, ba kowa a kan tabarmar.

Na yi sallama, ya amsa. Na ce, "Likita ta ce in gaishe ka."

"Ina amsawa. Yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

"A ƙasa gaisuwar ta taho daga Kano?"

Na zauna. Na ce, "Tanko, me ya hana ka faɗa musu ranar nan?"

Ya gwada kaifin askar a bayan hannunsa. "Mu wanzamai kowa hularsa yake cirewa a gabanmu, har mai unguwa. Da muna faɗin abin da muke gani, wa zai zauna mana? Kuma ga 'ya'yanka a tsaye. In ce musu ubansu ya yi ƙarya?"

"Zan tara su in faɗa."

"Bari, an wuce wurin. Matso in ga maraƙin naka." Ya kama haɓata ya karkata ta wajen haske, ya daɗe yana duba ɗinkin. "Kai, yarinyar nan ta iya. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Sannan ya ga gashin. Dariyar da ya yi sai da ya ajiye askar. "Ashe dai rabon askata ne hancin nan."

Da ya ce in bari, na yi saurin bari, don abin da nake son ji ke nan. Wannan shi ne laifina na biyu. Daga ranar, kowace Alhamis ina gindin darbejiyar nan, shekara takwas. Kuna ta gunaguni wai Baba ya cika yafiya. Ganina a tabarmarsa ya sa wasu suka dawo, amma ba duka ba, kuma a gidan nan ba wanda ya ƙara gaishe shi da sakin fuska. Bara da ya kwanta ciwon ajali na je, na sake cewa zan faɗa. Ya ce, "In na tafi ka yi yadda ka ga dama, amma kada ka sa yaran su ji kunya da yawa." Allah ya jiƙan Tanko, ya sa aljanna ce makomarsa.

Kafin in ba ku takardar nan na karanta wa mahaifiyarku ita ɗazu bayan la'asar, ina tuntuɓe a rubutun kaina. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa.

Ta ce, "Na san kai ka kira shi don wannan. Shekara nawa ina tare da kai? Yaushe ka taɓa damuwa da suma?"

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na zaci kai ka roƙa, shi kuma ya yarda." Ta ture farantin gefe. "Ban san ƙi ya yi ba, Alhaji. Wannan ne ban sani ba."

Ta tashi ta ɗauki mayafi. Na ce ina zuwa, ta ce gidan Tanko, wurin matarsa, kuma kada in biyo ta don ba ta gama da ni ba. Har yanzu da nake rubuta wannan ba ta dawo ba, kuma ban ga alamar an ɗora tukunya ba.

To kun ji. Hancin da kuke gani mutum uku ne suka yi shi: likitar da ta yanka, mahaifiyarku da ta yi tsaro, da Tanko da ya ƙi yankawa. Ni gudummawata fata ce kawai, ita ma ina barci aka ɗauka. Kabiru, ban ce ka yi kuka ba, ba kai ka yi ƙarya ba. Amma hannun da ya jefa zabirar nan a kwata, shi nake so ya ɗauki goro ya kai wa Ila, ba aike ba. Zabirar ce dai a kafaɗarsa, in ka duba za ka ga inda aka ɗinke ta. Ka ce masa ranar suna ya zo da wuri, ya wasa askar da kyau. In ya gama da kan jaririn, kakan yana soro yana jira, da gashi huɗu.